Goron da Muka Kai Abidjan

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, mu huɗu a mota ɗaya: ni, da maiɗakina, da yayata, da babban ɗanta wanda shi ke tuƙi. Waɗanda suka yi ta nemana a waya suna tambayar ina na shige, ga amsarku. Abidjan muka je, ta ƙasa, neman aure.

Ƙaramin ɗan yayata ne ke zaune a can, a unguwar Treichville, yana aiki da wasu mutanen Kano masu shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa. Ya ga yarinya a Adjamé, 'yar wani dattijo mutumin Maraɗi da ya daɗe a ƙasar. Yarinya tana so, uwarta tana so, uban ne ya kafe, kuma yana da dalilinsa. Babbar 'yarsa wani baƙo ne ya aura. Ya zo da dattawa biyu masu manyan riguna ya ce baffanninsa ne. Bayan an yi 'ya'ya mutumin ya ɓace, da aka nemi baffannin sai aka tarar maƙwabtansa ne na gidan haya da ya roƙa suka raka shi. Har yau ba wanda ya san garinsu. Shi ya sa uban ya ce ba zai ba da wannan ba sai ya ga dangin yaro na jini daga gida, da idonsa, kafin azumi. In azumi ya kama ba a zo ba, akwai ɗan abokinsa da ke jira. Mahaifin yaronmu ya rasu, 'yan'uwansa maza ma duk sun riga mu gidan gaskiya, sai nauyin ya faɗo kan kawu, wato ni.

Na so mu hau jirgi, Yaya ta ce wanda ta hau na Makka ya ishe ta har ƙarshen rayuwa. Ana gobe tafiya ta je kasuwar goro ta Mariri da kanta, ta zaɓo fari manya-manya, aka ɗaure mata a jiƙaƙƙen buhu. Na ce, "Yaya, ƙasar da za mu fa can goro yake fitowa. Wannan ɗin ma wataƙila daga can aka kawo shi." Ta dube ni irin duban da take mini tun ina yawo ba wando, ta ce, "Auta, kai dai ka iya yawon duniya, amma ba ka iya aure ba. Goron ɗana daga gida zai fita." Furfura ta cika mini gemu, amma har yanzu Auta nake a bakinta. Aka sa buhu a but.

Hanyar Kaduna zuwa Abuja ba sai na ba ku labarinta ba. Mun tsaya gindin dutsen Zuma don maiɗakina ta ce sai ta ga fuskar mutumin da ake cewa tana jikinsa. Ta duba, ta karkata kai, ta ce ita dai tabon ruwa take gani. A Lokoja muka ci soyayyen kifi da doya a wata rumfa kusa da gada. Mai rumfar ta faɗi kuɗin kifi ɗaya, Yaya ta tambaye ta ko da kwalekwalen ake sayarwa. Duk inda muka tsaya salla, Yaya na idarwa za ta ɗauki butarta ta sa a buɗe but, ta yayyafa wa buhun goro ruwa. Haka ake yi a wajenmu, in ba haka ba iska ta busar da shi ya yanƙwane. Ba wanda ya ga laifin abin, har ni.

A Ibadan na shigar da su buka, irin wadda ake zuba tuwo daga tukunya kana tsaye. Ɗan Yarabancin da na tsinta lokacin da nake fataucin fata ya yi amfani, don mai abincin ta ƙara mana nama. Yaya ta ga amala baƙi ƙirin ta ce ko tuwon ya ƙone ne. Da ta ɗanɗana miyar sai ta saki fuska, ta ce, "Ashe lalo ne aka sa masa sabon suna." Ta cinye ta nemi ƙari. Na ci abinci a gefen hanya daga Dakar har Omdurman, kuma abin da na lura shi ne duk rumfar da ka ga manyan motoci sun yi layi a gabanta, shiga kawai. Direban babbar mota ba ya komawa inda cikinsa ya taɓa ɓaci.

Muna shiga Legas aka kece da ruwa. But ɗin motar na ɗan yoyo, sai direbanmu ya samo babbar leda ya zura buhun goro a ciki ya ɗaure bakin, wai kada ruwan titi ya taɓa shi. Daga nan Yaya ba ta ƙara buɗe buhun ba. Ta ce yawan buɗewa na sa goro ya sha iska. Kwance bakin ledar kawai take yi, ta tsiyaya ruwa, ta mayar ta ɗaure.

A iyakar Seme wani ma'aikaci ya tambayi abin da ke cikin ledar. Na ce masa da Faransanci goro ne. Ya ce za a kai ina, na ce Abidjan. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, suka yi ta dariya. Yaya ta ce me suke cewa, na ce suna yi mana fatan alheri ne.

Ƙasar Benin ta burge maiɗakina da manyan kwalaben fetur da ake jerawa a bakin titi, da 'yan acaɓan Kwatano masu rawayar riga, sun fi ƙudan zuma yawa. A Ouidah muka ratse don ganin gidan da ake ajiye mesa, inda mutanen garin ke girmama ta ba sa kashewa. Maiɗakina ta kulle kanta a mota ta ce ko da kuɗi ba ta sauka. Direbanmu kuwa har ya yarda aka rataya masa ɗaya a wuya aka ɗauke shi hoto. Uwarsa ta hana shi taɓa sitiyari sai da ya wanke wuya da hannu da sabulu, tana tsaye a kansa. Togo kuma siririya ce ta bakin teku. Mun shiga, mun ga ruwa a hagunmu da bishiyoyin kwakwa, kafin hira ta yi nisa sai ga iyakar Gana.

Tun daga Kwatano na lura rigar da na wanke ba ta bushewa, jiki kullum a jiƙe ko ba rana. Na faɗa wa maiɗakina cewa iskar nan irin ta Duwala ce, ruwa ne a cikinta. Ko kaɗan tunanina bai kai kan buhun da ke but ba.

Gana ta yi wa Yaya daɗi fiye da ko'ina, saboda abinci. Da safe muka tsaya wajen wata mata a gefen hanya bayan Ankara, babban birninsu, tana sayar da koko da ƙosai, kuma da sunansu na Hausa ake kiransu. Shinkafa da wake ma nan suna nan, sun yi ja saboda karan dawa da ake dafa su da shi, ana zubawa a ganye da taliya da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi. Matar 'yar zango ce, kakanninta daga Katsina, ita ba ta taɓa zuwa ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata na da rai. Da ta ji abin da ya fito da mu, ta ƙi karɓar kuɗin kokon Yaya, ta ce Allah ya sa a dace.

A Elmina muka shiga tsohon gidan da ake tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Na taɓa ganin irinsa a tsibirin da ke gaban Dakar, amma na nan ya fi girma, ɗakunan ƙasa sun fi duhu. Mai zagayawa da mu ya nuna wata 'yar ƙofa da ke fuskantar teku. Yaya, wadda tun Kano bakinta bai huta ba, ta yi tsit. Da muka fito ta zauna a kan dakali ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo. Ta ce, "Auta, ai da namu a cikinsu. Kuma iyayensu ba su san inda aka kai su ba." A mota ta ce yanzu ta fahimci uban yarinyar nan, wanda jikokinsa ba su san garin ubansu ba.

Daga iyakar Noé, inda muka bar Gana, hanya ta shiga gonakin roba da na kwakwar manja, layi-layi har iya ganinka. A Bonoua abarba ce tsibi-tsibi a bakin titi, araha kamar mangwaro a Gboko in ya yi yawa. A Bassam kuma rumfunan masu saƙa da sassaƙa ne, kujerun kaba, kwanduna, ƙananan ganguna. Maiɗakina ta sayi faifai, na ce mata akwai irinsa a kasuwar Kurmi, ta ce na Kurmi bai ga teku ba.

Yaronmu na jiranmu a Gare de Bassam, tashar motoci ta Treichville. Ya rame, da ganinsa ka san ba ya barci sosai. Ya durƙusa a gaban uwarsa a tsakiyar tasha, masu woro-woro, wato tasin haɗaka, suna ta yi masa oda. Ya kai mu masauki gidan wani dattijo mutumin Tawa, sannan ya sayo mana garba: aceke, wato wani irin dambun rogo mai ɗan tsami, da soyayyen kifin teku da albasa da ɗanyen barkono. Kusan duk masu sayar da shi mutanen Nijar ne, da Hausa za ka yi ciniki. Sai dai Hausar Abidjan sai ka kasa kunne. Rabin zance Faransanci ne, a tsakiya a jefa Julanci, yaren kasuwar can. Yaran gidan kuwa in ka yi musu Hausa sun gane, amma da Faransanci za su amsa.

Washegari da safe, ranar da aka sa mana za mu je Adjamé bayan la'asar, Yaya ta sa aka shigo da buhun don ta jera goron a sabon kwano. Ana kwance ledar wari ya cika tsakar gida. Goro ya yi funfuna, ya yi yauƙi, na ƙasa ya yi baƙi ya narke, wasu har sun tsiro. Ruwan da ke raya shi a Kano shi ya kashe shi a nan, ga leda, ga zafin but. Yaya ta zauna a ƙasa ta sa hannu cikin buhun tana juyawa, hawaye na zuba. Ban ga ta yi kuka haka ba tun rasuwar mijinta. Yaron ya tsuguna kusa da ita ya ce, "Yako, Mama," wato sannu a bakin mutanen can.

Mai masaukinmu ya ce abin bai kai na kuka ba. "Hajiya, garin goro kika zo. Alhaji ya je marshe, kasuwa ke nan, ya sayo wani, a zuba a kwanonki, wa zai sani?" Na ga shawarar ta yi. Yaya dai ta sa aka ɗaure ruɓaɓɓen aka mayar but, ta ce ba za a zubar mata da shi a bolar wani gari ba.

Ni da yaron muka hau jirgin ruwan haya daga tashar bakin ruwa ta Treichville muka haye Plateau, tsakiyar birnin, don gadoji sun cushe. Tafiyar gajeriya ce, mai sanyi, dogayen gine-gine na matsowa a hankali. Daga can muka ɗauki tasi zuwa Adjamé. Na san Kantin Kwari ranar da ta cika, na san Oshodi ta da, amma Adjamé wani abu ne dabam. Yaran gbaka, ƙananan bas ɗinsu, suna rataye a ƙofa suna kiran unguwanni, masu tura kaya ba sa cewa a kauce sai sun taka ka, kowane lungu kuma kasuwa ne. A wani titi bayan Mairie, wato ofishin magajin gari, muka sami masu goro. Sabo fil, a cikin faffaɗan ɗanyen ganye, fari tas, kuma kuɗinsa bai kai abin da Yaya ta biya ba ko kusa.

Bayan la'asar muka isa gidan. Aka shimfiɗa wa maza tabarmi a tsakar gida, mata suka shiga ɗakin uwar yarinya, tagarsa a buɗe tana kallonmu. Ga uban, siriri mai ƙarancin magana, ga limamin unguwa, ga ƙanen uban, wani mai fara'a wanda ashe sana'arsa ke nan, loda goro a manyan motoci zuwa arewa. Wannan ban sani ba sai daga baya. Na gabatar da kaina, na faɗi asalin yaro, unguwarsu, sana'ar ubansa da ta kakansa. Uban na saurare yana kallon tabarma. Sannan na tura kwano gaba na ce, "Ga goronmu da muka zo da shi."

Ƙanen ya buɗe, ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya gutsura. Ya tauna a hankali. Ya ce, "Alhaji, daga Kano kuka ce kun taso?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To wannan dai bai daɗe da barin daji ba. Bai taɓa kwana a mota ba. In ban yi kuskure ba ma na san rumfar da aka saye shi."

Uban ya ɗago kai karo na farko ya dube ni, ya ce, "Waɗancan ma da manyan riguna suka zo, da goron Adjamé." Na kai hannu aljihu zan ciro fasfo in nuna masa hatimin iyakoki, ya ɗaga hannu. "Bar takarda, Alhaji. A garin nan ba abin da ba a bugawa." Na dubi yaronmu, kansa na ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Duk harsunan da nake ji, na rasa abin faɗa da ko ɗaya.

Sai muryar Yaya ta fito ta taga. "Ku gafarce ni, na san ba wurin maganar mata ba ne. Ni ce uwar yaron. Goron Kano yana cikin mota, ni na kashe shi da hannuna. Kai, tashi ka ɗauko."

Babban ɗanta ya kawo ledar ya ajiye a tsakiyar tabarma. Da aka kwance, liman ya ja da baya ya toshe hanci da gefen rawani. Ƙanen uban kuwa ya naɗe hannun riga ya zura hannu, ya duba ɗaurin buhun, ya ɗauko ɗaya ya murza. Ya ɗaga murya wajen taga, "Hajiya, ruwa kika yi ta ba shi?"

"Kowace salla."

"Har a Gana?"

"Har ƙofar garinku."

Ya fashe da dariya har yana dafa ƙasa. "Wallahi ɗaurin Mariri ne, ko a mafarki na san shi. Kuma goron namu ne. Ya je Kano lafiya, an dawo da shi gida an shayar da shi har ya mutu!"

Uban bai yi dariya ba. Ya juya wajen taga ya ce, "Hajiya, ba a gaya miki nan ne gidan goro ba?"

Ta ce, "An gaya mini. Uban yaron nan ne ba ya raye. Na so a ce ko abu ɗaya ya fito daga gidansa ya zo gidanku."

Uban yarinyar ya jawo buhun gabansa, ya yi ta tonawa cikin ruɓaɓɓen har ya samo ƙwaya ɗaya da ba ta lalace ba. Ya goge ta da bakin rigarsa, ya ɓare, ya sa rabi a baki ya miƙo mini rabi. Ya ce, "Na ba ku. Malam, a yi fatiha." Daga cikin ɗaki guɗa ta tashi. Goron nan ɗaci gare shi da ɗan warin leda, amma na cinye shi tas.

Kafin mu tafi aka kawo yarinyar ta gaida Yaya. Maiɗakina ta ba ni labari cewa ta durƙusa har ƙasa, ta fara gaisuwa da Hausa, ta kai tsakiya ta maƙale, ta ƙarasa da Faransanci tana kuka don kunya. Yaya ta jawo ta jikinta ta ce ba komai, ita ma ba ta jin nasu, sai su koya wa juna.

Dawowa ba mu tsaya kallo sosai ba, gajiya ta kama kowa. Surukanmu sun cika but da aceke da abarba da huhun goro na gaske, ƙanen uban ya rako mu har mota yana jaddada wa Yaya kada ta kusance shi da buta sai mun haye Lokoja. Ta bi maganarsa, goro ya iso Kano lafiya, an raba wa dangi da maƙwabta.

Na yi tafiye-tafiye da yawa, galibi ni kaɗai, kuma na saba ɗauka cewa wanda ya iya harshen mutane ya gama da su. A Adjamé ni ne mai Faransanci da fasfo, amma ni na kusa ɓata auren nan da kwano mai kyau da magana mai santsi, don na so a rufe abin kunya. Yaya da ba ta jin ko kalma ɗaya ta can ita ta gyara, da ta yarda aka buɗe ɓarnarta a gaban surukai. Na kuma koyi cewa abin da ka iya a gida, in ka canja ƙasa, ka tambayi mutanen wurin kafin ka ci gaba da yinsa.

An sa rana bayan babbar Salla, a Adjamé za a ɗaura. Yaya ta ce in sanar da dangi cewa duk mai niyyar zuwa ya nemi katin rigakafin shawara tun yanzu, kuma kada wanda ya sayi goro.